Yadda ake gwada maganin tsiro a kan ɓeraye don ganin ko yana rage ciwo da kumburi

Ɗalibai masu shirin aikin kammala karatu a fannin magunguna sun yawaita tambaya guda: ga tsiro an ce yana maganin ciwon gaɓoɓi ko kumburi, ta ina za a fara gwada shi a kan dabba, me ke gaba da me, kuma me za a tanada? Ga amsar nan daki-daki. Sai dai a sani tun farko, wannan aikin ɗakin gwaji ne mai izini, a ƙarƙashin malamin da ya ƙware. Ɗura da allurar ciki ba a koyonsu daga rubutu, sai hannu da hannu.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe har ƙarshe. Kusan kowace tsantsar tsiro, in aka ɗura wa ɓera ita da yawa, za ta ba da lambobi masu kama da nasara. Ɓeran da jikinsa ya mutu ko barci ya ɗebe shi ba ya murƙususu, ba ya lasar ƙafa, alhali ciwon yana nan. Yawancin matakan da ke ƙasa an shimfiɗa su ne don kada wannan ya ruɗe ka.

Mataki na 1: Izini, tun kafin a sayi ɓera ko ɗaya

Rubuta tsarin aikinka ka miƙa wa kwamitin kula da dabbobin gwaji na cibiyarku. Za su so sanin dabba nawa, wane irin ciwo za a sa mata, na tsawon wane lokaci, da yadda za a kawo ƙarshen rayuwarta. Ma'auninsu shi ne ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka fitar a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawanta, a sassauta wahalarta. Gwajin ciwo kuma yana da nasa ƙa'idojin da Zimmermann ya wallafa a 1983, cewa kada a wuce mafi ƙarancin ciwon da zai ba da amsa, kuma a taƙaita lokacinsa. Nemi jagorar ARRIVE, bugun 2020, ka karanta tun yanzu. Don rubuta rahoto aka yi ta, amma abubuwan da za ta tambaye ka a ƙarshe, kamar yadda ka raba dabbobin da dalilin yawansu, ba a samar da su bayan an gama aiki. Tun ran gini tun ran zane.

Hattara: izinin da aka samo bayan an gama gwaji bai halatta gwajin ba.

Mataki na 2: Tabbatar da tsiron

Ciro reshe da ganyensa, da fure ko 'ya'ya in akwai, ka kai wa masanin rabe-raben tsirrai. Shi zai ba ka sunan kimiyya, ya adana samfurin a ma'adanar busassun tsirrai, ya ba shi lamba. Sunan da mutane ke kiran tsiro da shi bai isa ba, domin suna ɗaya kan haɗa tsirrai biyu mabambanta. Rubuta ranar cira, wurin, yanayin shekara, da ɓangaren da ka ɗauka: ganye ne, saiwa ce, ko sassaƙe. Sinadaran tsiro suna canzawa da lokaci da ƙasa, saboda haka ka ciro wanda zai ishe ka aikin gaba ɗaya a zuwa guda. In tsantsa ta ƙare maka a tsakiyar aiki ka koma ka ciro sabo, gwaji biyu ke nan kake yi, ba ɗaya ba.

Mataki na 3: Shanya, niƙa da jiƙo

A wanke, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa juyawa har ganyen ya riƙa karyewa a hannu. Rana tana lalata wasu sinadaran. In da na'urar busarwa za a yi, kada zafinta ya wuce digiri 40 na salshiyas. A niƙa, a tankaɗe, a auna garin.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce jiƙo: a zuba garin cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 a kwalba mai murfi, a riƙa girgizawa lokaci-lokaci, a bar shi awa 72. A tace da ƙyalle, sannan da takardar tacewa Whatman lamba 1. A ƙafar da ruwan a na'urar ƙafarwa mai juyawa a digiri 40. Abin da ya rage a gindin kwalba, mai danƙo ko mai kama da gari, shi ne tsantsar. Na'urar Soxhlet ta fi tatsar gari, amma tana dafa shi awa da awanni, kuma ba kowane sinadari ke jure wannan ba.

Ga wani abu da ake tsallakewa. In masu amfani da tsiron dafa shi suke yi da ruwa su sha, to abin da ke shiga jikinsu abin da ruwa ya fitar ne, ba abin da mitanol ya fitar ba. In tambayarka ita ce ko amfanin da ake yi da shi yana da tushe, sai ka haɗa da tsantsar ruwa. Ita tana saurin yin fumfuna, don haka a busar da ita da wuri, da na'urar busarwa da sanyi in akwai.

Lissafa abin da ka samu: nauyin tsantsa a raba da nauyin gari, a ninka da 100. Misali, gari giram 500 ya ba da giram 45, kashi 9 ke nan cikin 100. Ajiye wannan lamba, za ta yi amfani a mataki na ƙarshe. A adana tsantsar a kwalba mai duhu cikin firji a digiri 4.

Hattara: a ci gaba da busarwa ana aunawa har nauyi ya daina raguwa. Ragowar itanol tana sa ɓera maye, mayen kuma ya fito a takardarka a matsayin raguwar ciwo. Ragowar mitanol guba ce.

Gwajin gano ajin sinadarai ba ya cin lokaci: ruwan Dragendorff don alkaloyid, kumfa don safonin, gwajin Shinoda don filabonoyid, sinadarin ferik kulorayid don tanin. Yana nuna abin da ke ciki ne kawai, ba ya nuna wanne ne ya yi aiki.

Mataki na 4: Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci sikeli biyu, mai auna miligiram don magani da na auna dabba. Allurar ɗura mai dunƙulallen baki. Sirinji na mililita 1 da na insulin. Allurai masu lamba 25 zuwa 27. Agogon ƙirga daƙiƙa. Akwatunan kallo masu garai-garai da madubi. Faranti mai zafi mai ma'auni. Kalifa, wato ma'aunin kauri, ko na'urar awon girman ƙafa da ruwa. Safar hannu da alƙalamin da ba ya gogewa. Sinadarai kuma: asid ɗin asetik da fomalin don jawo ciwo, karajinan don jawo kumburi, da magungunan kwatance, wato sanannun magungunan da za a kwatanta tsantsar da su.

Mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga dabbobi da abincinsu da shimfiɗarsu, sai ruwan jiƙo. Manyan na'urori aro ake yi a wani sashe, amma ka kama layi da wuri. Itanol ɗin da na'ura ta tara ana iya sake jiƙo da shi. Karajinan kuwa kaɗan ake buƙata, giram 1 yana yin mililita 100, don haka ɗalibai da dama za su iya haɗa hannu su sayi kwalba guda. Inda ba a tsuke hannu shi ne lafiyar dabba. Ɓera mai arha da ba a san asalinsa ba, mai tsutsar ciki ko mura, zai watsa maka lambobi har ka rasa gane komai.

Hattara: mofin, ɗaya daga magungunan kwatance, maganin ciwo ne mai ƙarfi da doka ke tsarewa. Ta hannun sashenku ake samunsa, kuma ana rubuta duk abin da aka ɗiba.

Mataki na 5: Dabbobi

Don gwajin ciwo an fi amfani da ƙananan ɓeraye nau'in Swiss masu giram 18 zuwa 25. Don kumburin ƙafa kuma manyan ɓeraye nau'in Wistar masu giram 150 zuwa 200. A bar su aƙalla mako guda su saba da wurin: zafin ɗaki wajen digiri 22, awa 12 haske awa 12 duhu, abinci da ruwa wadatacce. A cikin makon nan ka riƙa ɗaukarsu kullum a hankali, domin ɓeran da bai saba da hannu ba yana firgita, firgici kuma da kansa yana dusashe ciwo. Abin ya kai ga wani bincike da aka yi a Jami'ar McGill ta Kanada, aka wallafa a 2014, ya nuna warin jikin namijin mai gwaji kaɗai yana sa ɓeraye su rage nuna ciwo. Darasin a nan: mutum ɗaya ya riƙe aikin daga farko har ƙarshe, a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. In za ka iya, ka haɗa maza da mata, ka rubuta sakamakon kowane jinsi.

Mataki na 6: Gwajin guba

Ba a zaɓar awon magani da ka. Sai an san iyakar da dabba ke ɗauka. Hanyar OECD, ƙungiyar ƙasashe mai fitar da ƙa'idojin gwajin sinadarai, mai lamba 423 tana amfani da dabba uku a kowane zango, yawanci mata, da awo huɗu tsayayyu: miligiram 5, 50, 300 da 2000 a kowane kilo na nauyin jiki. A hana babban ɓera abinci dare guda, ƙaramin kuma awa 3 zuwa 4, amma ba a hana ruwa. Bayan ɗura a zuba ido sosai a awa 4 na farko, sannan kullum har kwana 14, ana auna nauyi. Akwai kuma hanyar Lorke ta 1983: zangon farko 10, 100 da 1000 ga dabba uku-uku, in babu wadda ta mutu sai 1600, 2900 da 5000 ga dabba ɗai-ɗai. Ni na fi karkata ga ta OECD, saboda kwana 14 ɗin nan suna kama gubar da ke cin hanta ko ƙoda a hankali.

Kada ka tsaya ga ƙirga gawa. Rubuta abin da ka gani: gashi ya miƙe, ido ya lumshe, tafiya da tangaɗi, zawo, yoyon miyau, kwanciya a lungu. In ka ga barci ko sanyin jiki a nan, ka ja layi a ƙarƙashinsa, domin shi zai dawo ya same ka a mataki na 13.

Mataki na 7: Lissafin awo da ɗura

Zaɓi awo uku da ke ninka juna, nesa da inda guba ta fara, misali 100, 200 da 400 a kowane kilo. A saba da bayar da mililita 10 a kowane kilo, shi ya fi sauƙin lissafi. Ɓera mai giram 25 zai sha mililita 0.25. In awonsa 200 ne, yana buƙatar miligiram 5 a cikin wannan ruwan, wato a haɗa miligiram 20 a kowace mililita. Na 100 a haɗa 10, na 400 a haɗa 40. Kowane awo da kwalbarsa, yawan ruwan da ake ɗurawa ne ba ya canzawa sai da nauyin dabba. A auna kowane ɓera a safiyar gwaji, ba nauyin makon jiya ba.

In tsantsar ba ta narkewa a tataccen ruwa, a taimaka mata da sinadarin da ke sa ta haɗu da ruwa, Tween 80 kashi 1 zuwa 2, ko CMC kashi 0.5. A guji sinadarin narkarwa DMSO in da hali, domin shi kansa yana taɓa ciwo da kumburi.

Wajen ɗura, a kama fatar ƙeya yadda kai da jiki za su miƙe layi ɗaya. A gwada tsawon allurar a waje, daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe. A zura ta gefen baki, a bi ta saman ganɗa. In hanya daidai ce, sulalewa take yi kusan da kanta, kuma za ka ga ɓeran yana haɗiya. Da ka ji turjiya, janye. Kumfa a hanci ko haki alama ce ruwa ya shiga huhu, wannan dabba ta fita daga gwaji, kuma a rubuta dalili.

Hattara: kada a yi wa ɗanyar tsantsa allura a kogon ciki don neman sakamako mai kyau. Tanin da safonin suna ƙona fatar ciki, kuma zafi a wuri ɗaya yana danne kumburi da ciwo a wani wurin. Za ka ga lambobi masu faranta rai, amma ƙuna ka auna. Maganin da mutane ke sha ta baki, a gwada shi ta baki.

Mataki na 8: Rukuni, ƙuri'a da ɓoye suna

Rukuni biyar ne: na farko ruwan narkarwa zalla, har da Tween ɗin in an sa, na biyu sanannen magani, sauran uku tsantsa. An saba sa dabba 6 a rukuni, amma gara ka lissafa da manhajar G*Power, kyauta ce. Dabba 30 ke nan a gwaji guda, 120 a gwaji huɗun da ke mataki na 9 zuwa na 12. Ka tambayi kanka ko duka huɗun kake buƙata.

Kada ka raba da hannu. Ɓeran da ya fi sauƙin kamu shi ne mai sanyin jiki, in ka bi haka rukunin farko zai cika da irinsa. Sa wa kowa lamba a wutsiya, a yi ƙuri'a ko a sa kwamfuta ta jero lambobin. Sannan abokin aiki ya rubuta wa kwalaben haruffa, ya ɓoye takardar, kai mai ƙirga kada ka san wa ya sha me sai an gama lissafi. Ba zargi ba ne. Wanda ya sha wahalar watanni a kan tsiro, idonsa zai ga rabin murƙususu a rukunin tsantsa ya ce ba a yi ba, ya ga irinsa a rukunin ruwa ya ƙirga, kuma bai san yana yi ba. Wannan mataki ko sisi ba ya ci, kuma a ganina ya fi kowace na'ura daraja.

Haka kuma kada a gama rukunin ruwa da safe a bar na tsantsa sai yamma. A cakuɗa su.

Mataki na 9: Gwajin murƙususu

Hanyar Koster ce ta 1959. A ɗura magani, a jira minti 60. Maganin kwatance asfirin ne ko diklofenak, shi diklofenak a kan ba da miligiram 10 a kilo. A haɗa asid ɗin asetik sabo mai kashi 0.6, wato mililita 0.6 a cika zuwa 100. A yi allurar mililita 10 a kilo a kogon ciki, ƙasa ta dama, kan ɓeran yana ɗan kallon ƙasa. A sa shi shi kaɗai a akwatin kallo, a bar minti 5, sannan a ƙirga na tsawon lokacin da aka tsayar tun farko, minti 10 ko 20.

Ga abin da ake ƙirgawa: ɓeran zai tsaya cak, cikinsa ya shafe ya manne da ƙasa, gadon bayansa ya lotsa, wata igiya ta bi jikinsa daga gaba zuwa baya, ya miƙar da ƙafar baya ɗaya ko biyu. Ɗaya ke nan. Lissafi: a cire matsakaicin rukunin magani daga na ruwa, a raba da na ruwa, a ninka da 100. In na ruwa 40 ne, na tsantsa 22, raguwar kashi 45 ce.

Hattara: kada ɓeraye su ga juna. An nuna a 2006 cewa ɓera yana ƙara murƙususu in yana kallon abokin kejinsa cikin ciwo. Sannan gwajin nan ba ya zaɓe: maganin barci, mai saki jijiya, har da na ƙaiƙayi, duk suna rage lambar. Tacewar farko ce kawai. Yana da zafi ƙwarai ga dabbar, akwai kwamitocin da ba sa yarda da shi, kuma ba a maimaita shi a kan ɓera ɗaya.

Mataki na 10: Gwajin fomalin

In gwajin ciwo ɗaya tak za ka yi, yi wannan, domin amsa biyu yake bayarwa. Dubuisson da Dennis suka fito da shi a 1977, Hunskaar da Hole suka yi bayanin zangunansa a ƙananan ɓeraye a 1987. A bar ɓeran minti 30 a akwatin kallo ya saba, da madubi a karkace a ƙasa don a ga ƙafa ta kowace fuska. Awa guda bayan ɗura, a yi allurar mililita 0.02 ta fomalin mai kashi 1 zuwa 2.5 a ƙarƙashin fatar ƙafar baya. Nan take a danna agogo. Ba sau nawa ake ƙirgawa ba, daƙiƙa nawa ya ɗauka yana lasa ko cizon wannan ƙafar.

Daga minti 0 zuwa 5 zai yi ta lasa babu ƙaƙƙautawa: sinadarin ne ke tsokanar jijiyoyin ciwo kai tsaye. Sai ya lafa wajen minti 10, har ka ɗauka an gama. Daga minti 15 zuwa 30 ya dawo, wannan karon da hannun kumburi a ciki. Mofin yana danne zango biyun. Magungunan kumburi irin su indometasin sun fi taɓa na biyu. Saboda haka inda tsantsarka ta yi aiki yana nuna maka inda za ka sa gaba.

Hattara da lissafi: fomalin na kwalba yana ɗauke da fomaldihayid wajen kashi 37. Fomalin mai kashi 2.5 yana nufin mililita 2.5 na kwalbar a cika zuwa 100 da ruwan gishirin asibiti, wato fomaldihayid bai kai kashi 1 ba. Wanda ya rikita biyun zai ninka wa dabba zafin kusan sau uku. A haɗa shi inda iska ke fita, da safar hannu. A kuma lura da zafin ɗaki, domin sanyi yana rage zango na biyu.

Mataki na 11: Faranti mai zafi

Hanyar Eddy da Leimbach ce ta 1953. A tsayar da farantin a digiri 55. A gwada kowane ɓera kafin magani, a rubuta daƙiƙar da ya lashi ƙafar baya, ya yarfa ta, ko ya yi tsalle. Lasar ƙafar gaba gyaran jiki ce, ba a ƙirga ta. A maimaita a minti 30, 60, 90 da 120 bayan magani. A tsayar da iyaka, daƙiƙa 20 ko 30, da ta cika a ɗauke shi ko bai motsa ba, don kada ƙafa ta ƙone. A goge fitsari da kashi kafin na gaba, jiƙaƙƙen faranti ba zafinsu ɗaya da busasshe ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan: sa asfirin ko diklofenak a matsayin kwatance. Ba sa yin wani abin kirki a wannan gwaji. Mofin ake sawa, miligiram 5 zuwa 10 a kilo. In tsantsa ta tsawaita lokacin, ƙara rukuni ɗaya a ba shi nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin, wajen miligiram 2 a kilo, minti 15 kafin tsantsar. In tasirin ya ɓace, ta hanyar da mofin ke bi take aiki.

Mataki na 12: Kumburin ƙafa da karajinan

Winter, Risley da Nuss suka kafa shi a 1962. Karajinan daga jan gansakukar teku ake samunsa, kuma nau'in lamda ake so. Haɗa shi yana son haƙuri: a barbaɗa garin a hankali a kan ruwan gishirin asibiti don samun kashi 1, a bar shi ya jiƙu, gara tun daren jiya. In aka zuba gaba ɗaya gudaji yake yi, ya toshe allura, wani ɓera ya samu da yawa wani kaɗan.

A ja layi da alƙalami a idon sawun ƙafar baya, a auna girmanta kafin komai. A ɗura magani, indometasin ko diklofenak miligiram 10 a kilo ga rukunin kwatance. Bayan awa guda a yi allurar mililita 0.1 a tafin ƙafar. A auna kowace awa har awa 5, ana tsoma ƙafar daidai layin nan. In kalifa ce, a ɗora ta a wuri ɗaya kullum, ta taɓa fata kawai. Da ka matsa, ka kore ruwan kumburin da kake son aunawa. Inda babu karajinan ana amfani da farin ƙwai ɗanye, amma kumburinsa yana saurin tashi da saurin sauka, ba a kwatanta sakamakon biyun kai tsaye.

Awa ta farko aikin histamin da sirotonin da biradikinin ne, sinadaran da jiki ke fitarwa masu jawo kumburi. Daga awa ta 3 zuwa ta 5 furostagilandin ke jan ragama, kuma nan ne indometasin ke nuna ƙarfinsa. Don haka kada ka tsorata in maganin kwatance bai yi komai ba a awa ta farko.

Hattara: ƙaruwa ake lissafawa, ba girman ƙafa ba. Misali, ta rukunin ruwa ta tashi daga mililita 0.9 zuwa 1.6, ƙarin 0.7, ta tsantsa daga 0.9 zuwa 1.3, ƙarin 0.4. Raguwar wajen kashi 43 ce. Wanda ya kwatanta 1.6 da 1.3 zai samu kashi 19, ya zalunci tsironsa.

Mataki na 13: Ciwon ne ya ragu, ko ɓeran ne ya yi laushi?

Duk gwaje-gwajen ciwon nan motsi suke aunawa: lasa, tsalle, miƙa. Ɓera ba zai ce maka ya ji sauƙi ba. Saboda haka kafin ka rubuta cewa tsantsa ta rage ciwo, sai ka nuna ba ta kashe jiki ba. A koya wa wasu ɓeraye tsayawa a kan sanda mai juyawa kwana ɗaya kafin gwaji, a ba su awon da ya fi aiki, a ga ko suna faɗowa da wuri. Ko a sa su a buɗaɗɗen akwati mai zanen layuka a ƙirga layin da suka tsallaka a minti 5. Diyazifam, maganin da ke kashe jiki, shi ne abin kwatance. Babu ciwo a waɗannan gwaje-gwaje, kuma akwatin ma kafinta zai iya yi. Rashin su ne ya sa rahotanni masu yawa a wannan fanni ba sa gamsar da mai karatu da ya san aikin, kuma abin yana damuna, domin an riga an sa dabbobi sun sha wahala, saura ƙiris amsar ta tsaya da ƙafarta aka bari.

Da an gama, a kawo ƙarshen rayuwar dabbobin da aka yi wa asid, fomalin ko karajinan nan take, ta hanyar da kwamiti ya amince; kulorofom da sinadarin ita (ether) ba sa cikin hanyoyin da aka yarda da su. Kafin a zubar, buɗe tumbin manyan ɓerayen ka duba ja ko gyambo. Illar da aka fi sanin magungunan kumburi da ita ke nan, kuma ka samu ƙarin sani ba tare da ƙarin dabba ba.

Mataki na 14: Lissafi da rubutu

Murƙususu da fomalin: lissafin kwatanta rukunai da ake kira ANOVA, mai fuska ɗaya, sannan gwajin Dunnett don kwatanta kowane rukuni da na ruwa. Faranti da kumburin ƙafa kuwa dabba ɗaya aka auna sau da yawa, saboda haka ANOVA mai fuska biyu ta maimaitaccen awo ce ta dace. Manhajar GraphPad Prism ta kuɗi ce, manhajar R kyauta. A zane, nuna ɗigon kowace dabba, ba sandar matsakaici kaɗai ba. Dabbar da aka cire, a faɗi dalili. In maganin kwatance bai yi aiki ba, gwajin ranar ya rushe, komai kyan lambobin tsantsa.

Sannan ka mayar da awon zuwa na mutum don ka ga ko yana da ma'ana. Jagorar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2005 ta ce a raba awon ƙaramin ɓera da 12.3, na babba da 6.2. Miligiram 400 a kilo ga ƙaramin ɓera ya zama wajen 32.5 ga mutum, kusan giram 2 na tsantsa ga mai kilo 60. Da samun kashi 9 na misalinmu, busasshen gari wajen giram 22 ke nan. In sai a 1000 tsantsar ke motsi, ana maganar fiye da giram 50 na gari a sha guda, sai ka faɗi hakan a fili. Wannan lissafi na auna ma'ana ne, ba na rubuta wa mutum magani ba.

A wajen kammalawa ka rubuta iya abin da ka gani: tsantsar itanol ta ganyen kaza, ta baki, a awo kaza, ta rage lasa a zango na biyu na fomalin da kumburin karajinan a awa ta 3 zuwa ta 5, ba ta taɓa tsayuwa a kan sanda ba. Kada ka ce ta hana aikin COX, sinadarin jiki mai samar da furostagilandin, in ba ka auna shi ba, kada ka jingina aikin ga filabonoyid don kawai ruwan gwaji ya canza launi. Kumburin awa 5 ba ciwon gaɓoɓin shekaru ba ne; mai son matsawa can sai ya ci gaba da gwajin dunƙulen auduga na kwana 7, da gwajin guba na kwana 28 mai duba hanta da ƙoda, sannan a fara rarraba tsantsar kashi-kashi don gano wanda ke ɗauke da aikin.